Tafintan Kwamfuta da Haɗarin Neman Sauri

Kwamfuta ba ta jin harsunan da ake rubuta mata umarni da su, irin su harshen C. Dole a sami wata manhaja da za ta juya rubutun zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Wannan manhaja ita ce kamfaila, wato tafinta, kuma daga cikin fitattunsu akwai GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a shekarar 1987.

Tafintan nan yakan yi wa umarni kwaskwarima domin aiki ya yi sauri. Mai haɗa manhaja shi ke zaɓar zurfin kwaskwarimar, tun daga matakin -O0 har zuwa -O3, ko -Ofast ga mai kwaɗayin gudu. Matsalar ita ce, tafinta yana aiki ne bisa zaton marubuci bai taɓa keta dokokin harshen ba.

A shekarar 2009 an ga illar wannan zato a cikin Linux 2.6.30. Wani sashe ya yi amfani da wani adireshi na ma'ajiyar kwamfuta, sannan daga baya ya duba ko adireshin fanko ne. Tafinta ya ce tunda an riga an yi amfani da shi, ba zai yiwu ya zama fanko ba, sai ya share dubawar. Brad Spengler ya nuna yadda ɓarawo zai bi ta wannan kafa ya mallake na'urar baki ɗaya. Abin lura, ko matakin -O2 na yau da kullum yana yin wannan sharewa. Masu Linux sun gyara kuskuren, suka kuma hana tafinta sake yin haka.

Shi kuwa -Ofast har lissafi yake taɓawa, domin yana sauya jerin tarawa da ɗebewa. A ma'aji mai riƙe lambobi kusan 7 kacal, idan aka tara 100,000,000 da 1, sannan aka ɗebe 100,000,000, amsa 0 ce, domin 1 ɗin ya ɓace. In aka fara da ɗebewar kuwa, amsa 1 ce. Ɗalibin da ya haddace cewa jeri ba ya sauya jimla zai yi mamaki, amma ga mai lissafin yanayi ko ƙarfin gada, abin ya wuce mamaki.

Shi ya sa masu Gentoo, waɗanda ke haɗa manhajojinsu da kansu, suke ba da shawarar tsayawa a -O2 ga tsarin gaba ɗaya.