Diyyar ma'aikacin da ya ji ciwo wurin aiki

Da zarar an gama ɗaure dammunan hatsi a ƙasar Tondikandiya da ta Kurfai, sai samari su shiga haramar cin rani. Daga Damana da Filinge suna bin hanyar Baleyara zuwa Yamai, wasu su kama aikin gini, wasu lodin motoci, wasu gadi. Mafi yawansu suna komowa lafiya kafin ruwan shuka. Amma akwai wanda ake maidowa gida da karyayyar ƙafa ko guntun yatsa, da jikka biyar ko goma da ubangidansa ya danƙa masa, aka ce Allah ya sawwaƙe. Wannan kuɗi kyauta ce kawai. Diyyar da doka ta aza tana nan daban, sai dai ba ta biyo mutum ƙauye don kanta.

Tun 1957, zamanin mulkin Faransa, aka yi dokar haɗarin aiki. Bayan samun mulkin kai, a 1965, gwamnatin Nijar ta kafa asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, wanda ake kira Kes, ta ɗora masa biyan wannan diyya. Mai ba da aiki shi kaɗai ke zuba kuɗin haɗari a asusun. Ba a cire ko dala daga albashin ma'aikaci dominsa. Haɗarin da ya auku bisa hanya tsakanin gida da wurin aiki, shi ma haɗarin aiki ne, muddin mutum bai ratse don wata bukata tasa ba.

Abin da ke ɓatar da haƙƙin mutane shi ne jinkiri. Wanda ya ji ciwo, wajibi ne ya sanar da ubangidansa cikin awa 24, shi kuma ubangidan ya sanar da Kes da sufeton aiki cikin awa 48. In ubangida ya yi shiru, ma'aikaci ko danginsa suna da ikon kai maganar da kansu har shekara 2. Amma wa zai tuna da shaidu bayan shekara 2, an gama gini, leburori sun watse? Saboda haka ya kamata a riƙe sunayen waɗanda abin ya faru gabansu tun ranar. Haka kuma zancen ɗori. Mutanen karkara sun yarda da maɗori, suna kuwa da dalilinsu, amma Kes ba ta karanta kome sai takardar likita: ta farko mai bayyana rauni, da ta ƙarshe mai cewa ya warke ko ya bar naƙasa. Wanda aka ɗauko daga wurin aiki aka zarce da shi ƙauye ba a biya likita ba, ya bar hujjarsa a baya.

Idan takardu sun cika, Kes ce ke ɗaukar kuɗin magani. Ranar haɗari ubangida ke biyan ta cikakkiya. Daga nan mai jinya yana samun rabin albashinsa na yini har kwana 28, sa'an nan kashi 2 cikin 3. Misali, mai albashin jikka 60 a wata, yininsa jikka 2 ke nan. Za a ba shi jikka 1 kowace rana, bayan kwana 28 a ƙara masa.

In ciwo ya bar naƙasa, likita ne ke auna ta bisa ɗari. Abin da bai kai 10 ba, akan biya shi gaba ɗaya sau guda. Daga 10 zuwa sama kuwa fansho ne, lissafinsa kuma yana da wayo: har zuwa 50 ana raba awon biyu, abin da ya haura 50 ana ƙara masa rabinsa. Mai naƙasar 30 zai samu kashi 15 na albashinsa na shekara, mai 60 ya samu 40.

Duk wannan na mai aikin albashi ne. Manomi a gonarsa, ko mai ginar rijiya da ke cin gashin kansa, dokar ba ta rufe su ba. Lebura kuwa, ko da na yini ne, ma'aikaci ne. In ba a rubuta shi a Kes ba, laifin ubangidansa ne, kuma wurin sufeton aiki ake kai ƙara.

Idan haɗari ya zo da ƙarar kwana, matar mamaci tana da kashi 30, in suna da yawa su raba daidai. Ƴaƴa biyu na farko 15 kowane, na bayansu 10, duka kada ya wuce 85. Nan ma takarda ake tambaya, ta aure da ta haifuwa. Aure da yawa a ƙauyuka an ɗaura su gaban liman da shaidu ba a rubuta ba, don haka sai mai takaba ta fara zuwa gidan shari'a na Filinge da shaidunta, a yi mata takardar da ke maye gurbi, kafin ta kama hanyar Yamai.