Dutsen da Ya Faɗo Bai Gama Tafiya Ba

Da safiyar ranar 23 ga Agusta, 2017, wani ɓangare na dutsen Piz Cengalo, a tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, ya ɓalle ya rikito cikin kwarin Bondasca. An ƙiyasta abin da ya zubo ya kai kubik mita miliyan 3. Masu yawon dutse takwas ne suka halaka a kwarin. Jim kaɗan kuma sai ga malalar taɓo da manyan duwatsu ta isa ƙauyen Bondo, mai nisan fiye da kilomita 6, alhali ba a yi ruwan sama ba a ranar. To, yaya aka yi haka?

Da farko dai, dutse ba ya ɓallewa dare ɗaya. Ruwa kan shiga tsagoginsa, idan ya daskare sai girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, tsagar ta ƙara buɗewa. A can ƙololuwa kuwa akwai ƙanƙarar da kan shekara ba ta narke ba, wadda ke riƙe da duwatsun kamar siminti. Idan yanayi ya ɗumama, sai riƙon ya yi rauni.

Abu na biyu, ɓaraguzan da suka zubo ba su cika wucewa nan take ba. Sukan taru a gindin dutse, su zauna wata da watanni ko shekaru, har sai ruwa ya zo ya kwashe su. An ga haka a wannan kwari. A Disamba 2011 dutsen ya zubar da abin da ya kai kubik mita miliyan 1.5, amma ya tsaya a sama. Sai da aka yi ruwa mai ƙarfi a lokacin zafi na 2012 sannan taɓo ya gangaro har Bondo.

A 2017 kuwa, duwatsun sun faɗa ne a kan wani dandamalin ƙanƙara da ke gindin dutsen, suka farfasa shi, wani sashe ya narke. Ruwan ya cakuɗa da sababbin ɓaraguzai da tsofaffin da ke jibge, ya zama kamar kwaɓaɓɓen kankare mai iya ɗaukar dutsen da ya fi mota girma.

Gidaje da hanyoyi sun lalace, amma ba a rasa rai a cikin ƙauyen ba. Bayan abin da ya faru a 2012, hukumomi sun kafa na'urar gargaɗi a kwarin, suka kuma tanadi wani babban fili mai tare taɓo. Na'urar ta yi aikinta, aka rufe hanya, aka kwashe jama'a.

Shi ya sa masana ba sa tsayawa ga kallon dutsen da ke shirin faɗowa kaɗai. Sukan auna tarin ɓaraguzan da ke kwance a kwari, su kuma bincika inda ruwan da zai motsa shi zai fito, domin da wannan lissafi ne ake sanin gidajen da ke kan hanyarsa.