Maganin allurar China: Abin da mai ciwon baya zai tarar idan ya je

Manomi a Ɗankaza da ke ƙaramar hukumar Wudil, idan bayansa ya riƙe bayan aikin damina, yakan nemi wanzami ya yi masa ƙaho, ko ya sayi ƙwayar kashe ciwo a kemis. Yanzu kuma ga bidiyoyi a waya na wani magani da ake tsira wa mutum allurai, wanda Turawa ke kira akufanca. Kafin mutum ya kashe kuɗin mota ya tafi birni nemansa, ya kamata ya san abin da zai tarar.

Wannan magani ya samo asali ne daga China fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. Tawagar likitocin China da ke aiki a asibitocin Jamhuriyar Nijar tun 1976 na cikin waɗanda suka kawo shi wannan yanki.

Yadda ake yin sa

Da farko mai maganin zai yi tambayoyi kan ciwon da barci da cin abinci, wani lokaci ya duba harshe ya taɓa jijiyar hannu. Daga nan sai a kwantar da mutum a tsira masa allurai, galibi 5 zuwa 20, a bar su kamar minti 20.

Alluran sirara ne ƙwarai, ba su ɗauke da ruwan magani kamar na asibiti, kuma ba a fitar da jini kamar a ƙaho ko tsaga. Mutum zai ji ɗan tsira, sai nauyi ko ɗan sanyin ciwo a wurin. Wasu kan ji jiri ko kasala bayan an gama. Zuwa ɗaya ba ya isa, akan maimaita na tsawon makonni, don haka a lissafa kuɗin tun daga farko.

Me yake magani?

Inda bincike ya fi nuna amfaninsa shi ne rage ciwon da ya daɗe, kamar na gwiwa da wuya da ciwon kai. Kan ciwon baya masana sun rabu: ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta amince a gwada shi a 2017, amma hukumar NICE ta Ingila ba ta goyi baya ba a 2016.

Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro ko ciwon suga ko hawan jini ko kansa. Duk wanda ya ce a daina shan maganin asibiti saboda allura, a guje shi.

Abin lura

Babban haɗarin shi ne allurar da aka yi wa wani amfani da ita, domin tana iya yaɗa ciwon hanta da cutar HIV. A tabbata an buɗe sabuwa a gaban ido. A ƙirji ko saman baya, wanda bai ƙware ba na iya huda huhu.

Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara. Idan kuwa ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, asibiti za a nufa nan take.