Jakara, Gadoji da Mutanen Ɓoye

Duk wanda ya ratsa Fagge ya nufi Sabon Gari, ko a ƙafa ko a mota, lalle ne ya gifta wani magudani ko wata 'yar gada, alhali kuwa kaɗan ne ke sanin cewa ruwan da ke ƙarƙashinsu yana da hikayoyin da suka girmi titin kansa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci wannan ruwa, wato Jakara, da sunan Kurmin Baƙin Ruwa, wurin da mutanen Barbushe ke girmamawa tun kafin Musulunci ya kafu. Ko da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi a gefensa, kwarjinin ruwan bai gushe daga zukata ba.

Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari saboda ma'aikata da fataken Kudu, hakimai da dagatai ne suka tattaro talakawa don aikin hanya, ga diga a hannu ga kwandon ƙasa a ka, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya tsara Waƙar Diga a kan lamarin. Dattawa sukan ce akwai tsamiyar da gatari ya ƙi ci, sai da aka karkatar da hanya. Sukan ce mutanen ɓoye na rushe da dare abin da aka gina da rana. Sukan kuma gargaɗi yaro kada ya leƙa ƙarƙashin gada da almuru. Haka ma a ƙasar Ailan, inda a 1999 aka bar wata bishiyar ƙaya a gundumar Clare a tsaye yayin gina babban titi, saboda an ce matattarar aljanu ce.

Malamai sun yi gaskiya da suka haramta yi wa rafi yanka, domin shirka ce bayyananna. Amma hikayar kanta taska ce, domin a cikinta talaka, wanda ba a rubuta sunansa a takardun Gwamna ba, ya adana labarin guminsa, da na 'yan'uwansa da ambaliya ta ci ko rami ya rufta da su. Yanzu da siminti ya mamaye Jakara, doguwar gada kuma ta haye titin Murtala Muhammad, wajibi ne ɗalibanmu su zauna gaban tsofaffin Fagge da alƙalami, tun kafin ajali ya riga su.