Makarantar Karnuka a Bakin Dajin Madarunfa

In kaka ta wuce, damma sun shiga rumbu, sanyi ya sauka, sai aikin mai kare shi tashi. A ƙauyukan Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, tun da asuba akan ji busar ƙaho. Samari su hito da gora da kere. Karnuka na gaba, yara na biye, balle ranakun Asabar da Lahadi da hutun lakwal. Cikin ayarin akwai ɗiyan karnuka da ba su taɓa kama ko kurege ba. Su karatu aka kawo su. Malamansu biyu ne: tsohon mafarauci da tsohon kare.

Wannan sana'a tsohuwa ce a ƙasar Katsinar Maraɗi. Amma yau tana cikin wani hali. Daji ya rage, nama ya rage, doka ta zo, ga kuma ciwon haukan kare. Shi ya sa ya kamata manoma da makiyaya su san yadda ake horon kare, da abin da za a riƙe, da abin da za a bari.

Yadda ake farawa

Karya takan yi wata 2 da ƴan kwanaki da ciki. In ta haihu, mafarauci shikan zo shi duba ɗiyan. Shina neman mai dogayen ƙafahu, mai faɗin ƙirji, mai shafaffen ciki, wanda ba shi tsoron motsi. Ba a raba kwikwiyo da uwa sai ya kai wata 2. Wanda aka ɗauke da wuri shikan tashi da tsoro ko da yawan cizo.

Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni 3 na farko su ne tushe. A lokacin ne kwikwiyo ke sabawa da mutane, da awaki, da kaji, da jakai. Wanda ya girma cikin bisashe ba shi kai musu hari in ya yi ƙarhi.

Karatun farko shi ne suna. Mai kare shi kira, in kwikwiyo ya zo shi ba shi ɗan ƙanzo ko guntun nama nan take. Karatu na biyu igiya ce: shi saba tahiya gehen mai shi ba tare da ja ba. Na ukku sansana. Ana ɗaura busasshiyar fatar zomo ga igiya, a ja ta cikin ƙasa, a ɓoye ta gindin sabara, a saki kwikwiyo shi nemo. In ya gano, a yaba mishi. Gobe a ƙara nisa.

Sai ya kusa shekara ake kai shi daji sosai, don kahin nan ƙashinshi bai yi ƙwari ba. Ranar farko ana haɗa shi da tsohon kare. In zomo ya tashi, tsohon shi bi, ƙaramin shi bi tsohon. A haka shike koyon yanke hanya, da jira bakin rami, da sakin nama in mai shi ya iso. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma kare da ya ci zomon mai gidanshi bai gama karatu ba.

Addini ma ya san da wannan horo. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbar da aka koya wa farauta. Malamai sun ce alamar horarren kare ita ce in an sake shi shi tahi, in an tsawata mishi shi tsaya. Sun kuma ce an yarda a ajiye kare don farauta, da tsaron bisashe, da tsaron gona.

A ƙasashen Turawa

Can ma ana horon karnuka, har abin ya zama wasa mai alƙalai da kyauta. A 1873, a garin Bala na ƙasar Birtaniya, makiyaya suka yi gasar karnukan kiwo. Makiyayi shi tsaya wuri guda shina hito da baki, kare shi kewayo tumaki shi shigar da su garka. Har yau ana wannan gasa.

A 1978, a babban taron karnuka na Crufts a Landan, aka nuna wani sabon wasa. Kare shi tsallake shinge, shi shiga dogon bututu, shi hau katako, shi saƙa tsakanin sanduna, mai shi na gudu gehe shina nuna mishi hanya. Wanda ya gama da sauri ba kuskure shi ya ci. Akwai kuma tseren karnuka masu gudu. Ana ɗaura tsumma ko leda ga doguwar igiya, inji shi ja ta cikin hili, karnuka su bi. Ba a kashe kome.

Masu waɗannan wasanni sukan yi zango na kwana 2, Asabar da Lahadi. Kowa shi zo da karenshi da tantinshi. Da sahe a yi aiki da karnuka. Da rana karnuka su huta, mutane su zauna karatu. Abin lura shi ne rabin karatun na mutane ne. Ana koya wa masu koyarwa yadda za su karanta kare: kunnenshi, da wutsiyarshi, da yadda shike haki. Galibi in kare ya kasa, ana tarar da kuskuren ga mai shi.

Cikin karnukan da ake ji da su a wannan tsere akwai na ƙasar Nijar. Shi ne karen Azawak, na Buzaye da maƙwabtansu, daga yankin da ya ba shanun Azawak suna. Dogo ne, siriri, shina iya gudun kilomita 60 cikin awa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin littahinta. A can ana sayen shi da tsada, ana rubuta sunan uwa da uba. A nan ɗan uwanshi na kwana bakin juji.

Abin da malaman nan da na can suka yarda da shi

1. Karatu gajere. Minti 5 zuwa 10, sau 2 ko 3 a wuni, ya hi awa guda a jere.
2. Magana guda ga aiki guda. In yau an ce "zo", gobe kar a canza. Mutanen gida duka su riƙe kalma ɗaya.
3. Lada nan take. Kare ba shi haɗa aikin sahe da ladan marece.
4. Kar a kira kare a duke shi. Wanda aka yi wa haka, gobe in an kira shi sai shi gudu.
5. A guji zahin rana. Kare ba shi guɓi kamar mutum, da haki shike huce jiki. A watannin bazara gudun tsakar rana na iya kashe shi. A riƙe gorar ruwa dominshi.
6. A ciyar da shi. Tuwo da hura da dusa suna riƙe ciki, amma mai gudu na bukatar nama ko kihi ko nono. Kare mai yunwa shi ke cinye abin da ya kama, shi ke shiga akurkin maƙwabta.
7. A cire mishi kaska, a nemi maganin tsutsar ciki wurin ma'aikatan kiwo.

Akwai abu guda da aka saɓa: yankan kunne. Mafarauta da yawa na yanke kunnen kwikwiyo, suna cewa don kar ƙaya ta kama shi ko abokin faɗa shi riƙe shi. Likitocin dabbobi sun ce yankan ba shi ƙara ji, ba shi ƙara gudu, kuma ciwon na iya ruɓa. Ƙasashen Turai da yawa sun hana shi.

Daji ya canza

Tsohin Madarunfa na tuna lokacin da barewa da gada da mugun dawa ke kusa da gari. A shekarun 1980 da 1990 har giwaye sun zauna dajin Babban Rafi. Yau babu su. Gonaki sun ci daji, fari ya yi ɓarna, mutane sun ƙaru. Ayarin da a da ke dawowa da barewa, yanzu zomo 2 da kurege da damo ne rabonshi. In nama ya yi kaɗan, gardama ta yi yawa. Kare ya kama, mai gora ya buga, kowa shi ce nashi ne. Da haka ake jin raunuka tsakanin ƙauye da ƙauye.

A 1974, bayan babban fari, gwamnati ta hana halbi cikin ƙasa duka. Hanin ya yi shekara sama da 20. Daga baya dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji. Ta ce farauta na da lokacin buɗewa da na ruhewa, kuma da izini ake yin ta. Ta hana farautar dare da hitila, da sa wa daji wuta don koro nama, da guba, da bin nama cikin mota. Akwai dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan, kamar raƙumin dawa da jimina. Mai son bayani shi nemi ma'aikatan gandun daji kahin shi hita.

Maganar wuta ta shahi makiyayi kai tsaye. Wutar da aka kunna don zomo guda na iya cinye ciyawar da garke ɗari za su ci har damana.

Tabkin Madarunfa kuwa, mai kaburburan waliyyai 99 kewaye da shi, ya shiga jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya a 2019. Tsuntsaye na zuwa gare shi daga nesa lokacin sanyi. Sakin karnuka bakin tabki na tarwatsa su, shina kuma lalata sheƙa da ƙwai.

Akwai kuma matsalar tsaro. Cikin shekarun baya ɓarayin shanu da masu satar mutane sun dami ƙauyukan iyaka. Shiga daji mai nisa ya zama hatsari. Amma darajar kare ta ƙaru a gida da garka, don haushinshi ne ke tada mutane cikin dare.

Haukan kare

Duk horon da aka yi wa kare banza ne in ba a yi mishi allura ba. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce haukan kare na kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya. Cikin 10, kamar 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Karen farauta na cikin hatsari hiye da na gida, don shina gamuwa da dila da baƙin karnuka.

Ciwon na cikin miyau. Shina shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar miki. Shikan kwanta cikin jiki wata 2 ko 3, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci sama. In alamu suka hito, tsoron ruwa da ruɗewa, magani ya ƙare. Amma kahin nan akwai tsira. Tun 1885 wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allura.

In kare ya ciji mutum:
– A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, nan take.
– Kar a sa toka, ko ƙasa, ko gashin karen. Kar a ɗaure mikin.
– A tahi likita ranar nan, a karɓi allurai duka, kar a tsaya rabi.
– In karen na gida ne, a ɗaure shi kwana 10, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Ana yi wa kwikwiyo allurar farko in ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya ce. Masana sun nuna in karnuka 7 cikin 10 na gari suka samu allura, ciwon na yankewa. Saniya da jaki da raƙumi ma suna kamuwa, don haka allurar kare kariyar dukiya ce. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

Abin da ƙauye ke iya yi

Zango irin na kwana 2 ba shi bukatar kuɗi masu yawa. Hili na nan bayan girbi. Sarkin mafarauta da dattawan sana'a su ne malamai. Ranar farko a gayyato ma'aikacin kiwo shi yi allura, a rubuta sunan kowane kare da mai shi. A gayyato na gandun daji shi bayyana doka. Rana ta biyu a yi gwaji. Karen wa ke zuwa da kira guda? Na wa ke gano ɓoyayyar fata? Na wa ke ratsa tumaki bai taɓa ko ɗaya ba? Daga ƙarshe a ɗaura fatar zomo ga doguwar igiya, mai doki ko mai babur shi ja, karnuka su yi tsere bibbiyu. Makaɗa su yi kiɗa, masu kirari su yi. Gwani shi samu yabo gaban jama'a, ba a zub da jini ba, ba a ƙone ciyawa ba.

Da haka yaro zai gaji sanin kakanshi, zomo shi samu sararin haihuwa, garka ta samu mai tsaro. Ba a fahe gora ranar tahiya. Mai kwikwiyo a gida, in watanshi 3 sun cika, shi kai shi allura tun wannan mako.