SAURO DA YANAYIN ƘASA: Inda Yake Yawaita da Lokacin Yawaitarsa

Kowa a Nijeriya ya san sauro, amma kaɗan ne suka san dalilin da ya sa yakan yi yawa a wani wuri ya yi ƙaranci a wani, ko kuwa ya cika gari a wata guda ya ɓace a wani watan. Sanin wannan yana da amfani ƙwarai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022, cikin kowane mutum huɗu da zazzaɓin cizon sauro ya kama a duniya, fiye da ɗaya ɗan ƙasar nan ne. An shirya wannan ƙasida don a bayyana wa jama'a yadda ruwa da zafi da laima ke mulkin rayuwar sauro, don kowane yanki ya san lokacin da zai yi shiri.

ABUBUWA UKU DA SAURO KE BUKATA

Na farko shi ne ruwa kwantacce. Macen sauro ita ce mai cizo, domin sai da jini ƙwanta ke ƙosawa. Takan saka ƙwan a kan ruwa, ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa mai wutsil-wutsil, daga nan ta rikiɗe sauro ya fito ya tashi. Idan ruwan ya ƙafe kafin a kai ga haka, tsutsar ta mutu.

Na biyu shi ne ɗumi. A lokacin ɗumi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu. Haka kuma ƙwayar cutar da sauro ya tsotso daga jikin mai zazzaɓi takan yi kwana goma ko fiye a cikinsa kafin ya iya saka wa wani. Idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 18 na ma'aunin santigiret, girman ƙwayar yakan yi nawa har sauron ya mutu ba ta ƙosa ba. Zafi mai tsanani kuma, irin na bazarar arewa, kashe sauron yake yi.

Na uku shi ne laimar iska. Busasshiyar iska takan tsotse ruwan jikin sauro ta gajarta kwanansa. Tsohon sauro kuwa shi ne abin tsoro, gama shi ne ya daɗe har ƙwayar cuta ta nuna a cikinsa.

YADDA ABIN YAKE A SASSAN ƘASA

A bakin teku da ƙasashen kurmi, kamar Fatakwal da Kalaba da Warri, ruwan sama yakan wuce milimita 2,000 a shekara, iska kuma kullum da laima. Can sauro ba ya yankewa, ana kuma iya kamuwa da zazzaɓi a kowane wata. A tsakiyar ƙasa, wato kwarin Kwara da na Binuwai, damina takan ɗauki wajen wata shida ko bakwai, sauro kuma ya bi ta. A can arewa, kamar Sakkwato da Katsina da Maiduguri, ruwan shekara bai cika kai milimita 800 ba, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Nan sauro yakan taso gaba ɗaya cikin 'yan watanni, sa'an nan hunturu ya karya shi.

Wurare masu tudu, kamar tsaunukan Jos da Mambila da Obudu, sanyinsu yakan rage sauro. Amma ragewa ce kawai, mazauna can ma suna kamuwa.

Kada a ɗauka gajartar damina sauƙi ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya sami ƙwayar cutar a jinin yara 52 cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kabi, alhali a Jihar Ikko 2 ne kawai cikin ɗari. Kabi ƙasar fadama ce da noman shinkafa. Ban da haka, irin gidajen kwana da nisan asibiti da halin samun jama'a duk suna da nasu rabo a cikin wannan bambanci.

BA DUK SAURO NE IRI ƊAYA BA

Irin da ake kira Anofilis shi ke kawo zazzaɓin maleriya. Ya fi son ruwa mai ɗan tsabta wanda rana ke bugu, kamar na sawun kofaton shanu, da ramin da aka haƙi ƙasar gini, da gonar shinkafa. Da dare yake cizo. Irin da ake kira Kules shi ne mai damun mutanen birni da kuka, a ƙazamin ruwan kwata da na masai yake haihuwa. Na uku, Edis, mai ɗigon fari a ƙafa, yana haihuwa a randa da gwangwani da tsohuwar taya, da rana yake cizo, shi ke yaɗa ciwon shawara. Saboda haka yawan kukan sauro ba shi ne ma'aunin haɗari ba.

DALILIN ZAZZAƁIN KAKA

A arewa an saba ganin ɗakunan shan magani sun cika daga Agusta zuwa Oktoba. Waɗansu kan ɗora laifin a kan cin sabuwar masara ko ɗanyar gyaɗa. Amfanin gona ba shi da laifi. Abin da ke faruwa shi ne, ruwa mai ƙarfi yakan share tsutsa ya tafi da ita, amma da ya fara tsagaitawa sai kududdufai su kwanta, ga ɗumi ga laima. Sauron da ya tashi a lokacin sai ya daɗe, ya ɗauki cuta, ya raba wa mutane daidai lokacin da amfanin gona ke nuna.

RUWAN DA MUTUM YA TARA

Madatsun ruwa irin su Kainji da aka gama a 1968, da Tiga a 1974, da Bakolori a 1978, sun kawo albarka ta wuta da noman rani. Amma inda aka bar hanyoyin ban ruwa suka toshe, sauro yakan sami wurin haihuwa har cikin rani. Haka abin yake a dausayin Haɗejiya da Nguru da bakin Tabkin Cadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

SAUYIN YANAYI

Masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi, saukar ruwa kuma tana rikicewa. A tsaunukan Habasha an lura cewa a shekarun da ɗumi ya ƙaru, zazzaɓi yakan hau har ƙauyukan da ke can sama. A nan gida, ambaliya irin ta 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024, takan bar ruwa kwance makonni, ta kuma bar jama'a suna kwana a fili. Har wa yau, a shekarar 2020 an gano wani baƙon Anofilis ɗan asalin Asiya a Jihar Gombe, wanda ke haihuwa a tankunan ruwa na cikin gari, rani da damina.

ABIN DA AKE SO JAMA'A SU YI

1. Kafin faɗuwar damina, masu unguwanni su tara jama'a a yashe magudanu, a cike ramuka.
2. A rufe randa da tanki. A kife gwangwani da kasko, a kawar da tsofaffin tayoyi. A zubar da ruwan da ya kwana bakwai a buɗe.
3. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, musamman mata masu ciki da ƙananan yara. A kudu da wuraren noman rani, a yi haka shekara duka.
4. A jihohin da ake rabon maganin rigakafi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, iyaye su karɓi ma'aikata, su ba yaro maganin har ya ƙare kowane wata.
5. Fatake da direbobi da makiyaya da 'yan cin rani masu zuwa kudu su tuna cewa ko gida ana ɗari, can sauro yana nan. Su tafi da gidan sauronsu.
6. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar a auna jininsa. Kada a jira sai ya fara suma.

Saukar ruwa da zafin rana ba a hannun mutum suke ba, amma kududdufin bayan gida da randar tsakar gida suna hannunsa. Wanda ya karanta wannan ƙasida ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.