Me Jami'a Ta Tanadar wa Murhun Mace?



Duk wadda ta taɓa shiga mota daga Garo ko Gwarzo za ta birnin Kano, ta san in an wuce Janguza ba a daɗewa sai a ga sabon mazaunin Jami'ar Bayero a bakin hanya. Ran nan muna wucewa ta wurin, sai wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta nuna ƙofar da haɓa, ta ce, "Malama, wai su waɗannan me suke yi a ciki da zai amfane mu? Ni dai itacen girki ya gagare ni saye." Aka yi dariya a motar. Ni ban yi ba, don tambayar ta fi ƙarfin dariya, kuma a lokacin ban ba ta amsar kirki ba. Ga abin da ya kamata in ce mata.

Iyayenmu suna ba da labarin farin 1973 da na 1984, mu kuwa mun ga ambaliyar 2022 wadda ta ci rayuka fiye da 600 a ƙasar nan, ta yi wa maƙwabtanmu na Jigawa mummunar ɓarna. Masana sun ce hayaƙin man fetur da kwal da ake ƙonawa a duniya, da kuma sare dazuzzuka, su ne suke tara zafi a sararin sama kamar an lulluɓe ƙasa da bargo. Shi ya sa ruwa yake zuwa ba kan ƙa'ida ba, wani lokaci ya ɗauke shuka na tsakiyar buƙata, wani lokaci ya zubo na wata guda a kwana biyu. Wannan shi ake kira sauyin yanayi.

To, jami'ar ba ta naɗe hannu ba. A watan Satumba na 2019 aka buɗe mata tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat 7.1, wadda ta haɗa faranta masu zuƙar hasken rana da batura da injinan ko-ta-kwana. Hukumar samar da lantarki a karkara ta Gwamnatin Tarayya ce ta yi aikin. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, lokacin da ake kafa tashar an ɗauki ɗalibai mata 20 aka koya musu aikin da hannunsu. Ku duba fa, 'ya'ya mata da kwalkwali a ka suna ɗaura waya! Sa'an nan tun 2012 jami'ar ta kafa cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, wadda Bankin Duniya ya zaɓa a 2014 cikin cibiyoyin Afirka da yake tallafa wa. Tana da gonar gwaji inda ake ban ruwa ta siraran bututu, ruwan na ɗiga a gindin shuka kaɗai, kuma ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka don neman ilmi mai zurfi.

Duk wannan madalla. Amma fa hasken rana da ke kunna fitila a ɗakin karatu bai dafa wa tsohuwar nan tuwo ba.

Aikin jami'ar da ya fi kusa da murhunmu tsoho ne, kuma mutane ƙalilan suka san shi. Malaman sashen labarin ƙasa, cikinsu har da Bature Michael Mortimore wanda ya koyar a Zariya da Kano, sun bi diddigin itacen da birnin Kano yake ƙonawa, suka fitar da littafi a 1990. Kafin nan ana zaton manoman da ke kewaye da birni sun ƙare bishiyoyinsu saboda yawan jama'a. Da aka ƙirga sai aka tarar ba haka ba ne. Manomi yana tattalin ɗorawarsa da kukarsa da tsamiyarsa da gawonsa, yakan sassare reshe ya bar uwar, don ya san kalwa da miya da inuwa da abincin dabba duk daga nan suke. Itacen da ake lodawa a manyan motoci kuwa, galibinsa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi, inda bishiya ba ta da mai ita. Watau bishiyar da take da mai ita, ita ce take rayuwa.

Na ga gaskiyar wannan magana da idona. Wata shekara aka kawo mana dashe a makarantar da nake koyarwa, darbejiya da 'yan mangwaro. Aka yi taro, aka yi jawabi, yara suka yi tafi, aka ɗauki hoto. Ba wanda aka ce wa wannan taka ce. Kafin mu dawo daga dogon hutu awaki sun cinye rabi, sauran kuma rani ya ƙarasa su. Ni ma ina cikin masu laifin, don ban tambayi wa zai ba su ruwa ba.

A ƙasar Maradi kuwa, tun wajen 1983 manoma suka kama wata dabara da suke kira sassabin zamani. Ba dashe ake yi ba. In an zo sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture a cinna masa wuta, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ya neman ban ruwa, nan da 'yan shekaru ya zama bishiya. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta sami bishiyoyi wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girkin gidan. Kalgo da sabara da gawo da muke da su a gonakin Kabo da Gwarzo ai irin nasu ne. Gawo ma da yake zubar da ganye da damina, ba ya hana gero da dawa samun rana, ga taki kyauta.

Sai maganar hayaƙi, wadda mu mata muka mai da ba komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Mace tana tsugune gaban murhun duwatsu uku, goyo a baya, ita da jaririn suna shaƙa. Murhun laka da aka kewaye, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, yana tattara zafi a gindin tukunya, bai cin itace kamar buɗaɗɗe. Magina tukwane za su iya yin sa in an nuna musu awon.

To, wa zai nuna musu? A nan ne nake da ƙorafi a kan jami'o'inmu da mu kanmu. Malamin gona namiji iyakarsa zaure, in ya yi sallama maigida zai fito, abin da ya faɗa kuma ba lalle ya ƙarasa cikin gida ba. Alhali kuwa mai sa itace a wuta, mai kiwon awakin da ke cin dashe, mai zogale a bayan ɗaki, tana ciki. Mace ce kaɗai za ta shiga ta zauna kan tabarma ta ga yadda ake hura wutar. In jami'a na son ilminta ya kai murhu, sai ta riƙa turo ɗalibanta mata ƙauyuka lokacin hutu. Mu kuma sai mun ba ta 'ya'yan da za ta koyar, don ba za ta ƙera su ba. Yarinyar da aka cire daga aji uku na sakandare ba za ta dawo mana da komai daga hanyar Gwarzo ba sai tsarabar kasuwa. Ban ce kada a yi aure ba, matan aure nawa ne suke karatu a can da goyonsu?

Ku 'yan makaranta, mai sha'awar wannan fanni ta riƙe lissafi da Turanci da kyau, ta haɗa da kimiyya da darasin aikin gona, don ana neman kyakkyawan sakamako a darussa biyar kafin a shiga jami'a. Kada wata ta ce muku aikin gona na maza ne.

Bana da aka sake samun dashe, na raba wa 'yan ajina mata, kowace na ce ga taki, ta sa mata suna in ta ga dama. Suka kewaye su da ƙaya, kowace tana zuwa da ruwa a galan da safe. Wadda gidansu ya fi kusa ita ce ta karɓi amanar na sauran lokacin hutu, bisa sharaɗin in mangwaron ya yi 'ya'ya ita za ta fara tsinka.